Bidiyon koyar da ɗalibai tsara rubutu a kwamfuta: ta ina za a fara?

Tambaya: Wata malama mai duba ɗaliban da ke rubuta kundin kammala karatu ta ce kowace shekara sai ta maimaita musu yadda ake tsara shafi, kanun babi, ƙunshiya da lambar shafi a Word, amma aikin da suke kawo mata bai canja ba. Tana son ta haɗa musu bidiyo, tana tambayar ta ina za ta fara, kuma wace manhaja za ta nema.

Amsa: Malama, maganar manhaja zan ajiye ta sai can gaba, don ita ce mafi sauƙi a cikin abin da kika tambaya. Inda aikin yake shi ne ɗalibanki ba da hannu wofi suke zuwa ba. Sun riga sun koyi wata hanya tun ranar da suka fara taɓa kwamfuta, kuma a ganinsu tana biya musu buƙata. Mai son take ya zauna a tsakiyar shafi, dogon maɓallin tazara zai yi ta dannawa har ya kai shi wurin. Mai son babi ya fara a sabon shafi, Enter zai yi ta bugawa har rubutun ya tsallaka. Ƙunshiya kuwa da hannu ake buga ta, a jera ɗige-ɗige, a leƙa lambar shafi a rubuta. In aka duba a allo ko aka fitar a takarda, komai ya yi kyau. To me zai sa ya saurari mai ce masa akwai wata hanyar? Wannan ne dalilin da bayaninki na kowace shekara bai zauna a hannunsu ba, kuma in kika ɗauki bayanin nan yadda yake kika mayar da shi bidiyo, sakamakon ɗaya ne.

Saboda haka bidiyonki na farko ya fara da nuna ɓarna, kafin a zo gyara. Ki haɗa fayil mai shafi goma ko sha biyu irin wanda suke kawo miki, da duk dabarunsu a ciki. Kada ki yi amfani da aikin wani ɗalibi, ko da kin cire sunansa, don abokan karatunsa za su gane shi. Ki buɗe fayil ɗin, ki gangara da shi a hankali su ga ya tsaru. Sai ki ƙara sakin layi guda a shafi na uku, kamar yadda mai duba aiki yakan ce a ƙara. Nan take taken Babi na Biyu zai gangaro tsakiyar shafi, jadawali zai rabu da bayaninsa, lambobin da ke cikin ƙunshiya su daina dacewa da shafukansu. Ki ɗan yi shiru su kalla. Daga nan ki danna alamar ¶ da ke ƙarƙashin Home, ko ki haɗa Ctrl+Shift+8. Abin da yake ɓoye duk zai bayyana: kowace tazara ta zama ɗigo, kowane Tab ya zama 'yar kibiya, kowane Enter ya zama ¶, a ga su jere reras a shafin da ake zaton ba komai a kansa. Bayan haka ki buɗe fayil na biyu, rubutu iri ɗaya amma wanda aka tsara yadda ya kamata, ki ƙara sakin layin nan dai. Babi na Biyu yana nan a saman shafinsa, ƙunshiya kuma da danna Update Table ta daidaita kanta. Duk wannan bai kai minti uku ba, kuma gani ya kori ji. Ɗalibin da ya taɓa kwana yana gyaran lambobin ƙunshiya ba sai an roƙe shi ya buɗe bidiyo na biyu ba.

Alamar ¶ ɗin nan ki bar ta a kunne a dukkan bidiyon da za su biyo baya. Na san allon ba zai yi kyan gani ba. Amma yawancin abin da kike koyarwa ba a ganinsa in ba da ita ba, kuma ɗalibin da ya saba aiki tana kunne zai riƙa gano matsalarsa da kansa.

Wannan ba sabon al'amari ba ne. Tun a shekarun 1980 John Carroll da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka zauna suna lura da yadda ma'aikatan ofis ke koyon manhajar buga rubutu. Abin da suka gani shi ne mutane ba sa bin littafin koyarwa daki-daki. Tsallake bayani suke yi su faɗa cikin aikin da ya dame su, su yi kuskure, sannan su ɓata lokaci mai yawa suna neman hanyar fita. Shawarar da ta fito daga binciken ita ce a rage bayani, a ɗora koyarwa a kan aiki na gaske, a kuma koya wa mutum yadda zai gane kuskure ya fita daga cikinsa. Ga mai haɗa bidiyo ma'anar ita ce kada ki yi wanda zai zagaya da ɗalibi cikin Home da Insert da Layout yana jin sunan kowane maɓalli. Kowane bidiyo ya amsa tambaya guda da ɗalibi zai iya yi da bakinsa, kuma tambayar ce za ta zama sunansa: "Yadda ƙunshiya za ta haɗa kanta", "Yadda za ka hana lamba fitowa a shafin farko". Wanda ya maƙale da tsakar dare irin wannan sunan yake nema.

In ƙarfinki na bidiyo guda ne kawai, ki yi shi a kan Styles, wato salon da ake ɗora wa take ko sakin layi a Word, domin sauran duk a kansa suka dogara. Abin da nake so ɗalibi ya fahimta shi ne wanda ya zaɓi layi ya ƙara masa girma da kauri fenti kawai ya shafa masa. A wurin kwamfuta layin nan bai bambanta da sauran rubutu ba. Amma da zarar ya ɗora masa Heading 1, ya sanar da ita cewa wannan kan babi ne, daga nan kuma za ta iya yi masa aiki da shi. Ki nuna haka da Navigation Pane, wanda ake kunnawa a ƙarƙashin View. A fayil ɗin farko wurin fayau yake. Ki ɗora kibiya a kan "Babi na Ɗaya", ki danna Ctrl+Alt+1, su ga ya bayyana a gefe. Ki yi wa ƙaramin take Ctrl+Alt+2, ya shigo ƙarƙashinsa. Sannan ki kama wani take a cikin jerin ki ja shi sama, su ga sashen gaba ɗaya ya tashi ya bi shi da duk rubutunsa.

A daidai nan ne ɗalibai da yawa suke gudu, kuma dole bidiyon ya tare su. Heading 1 na asali yakan zo da launin shuɗi da wani nau'in harafi da sashensu bai yarda da shi ba, sai ɗalibi ya ce abin ya ɓata masa aiki, ya koma tsohuwar hanya. Kada ki jira ya tambaya. Ki faɗa da bakinki cewa kin san ya koma shuɗi, ga kuma maganinsa: a danna sunan salon da ɓangaren dama na linzami, a zaɓi Modify, a saita nau'in harafi da girma da launi sau ɗaya, duk kanun babi na kundin su canja tare. A cikin wannan tagar, ta Format sannan Paragraph, akwai Page break before. In aka sa masa alama, kowane babi zai riƙa farawa a sabon shafi ba tare da an buga Enter ko guda ba. Haka za ki yi da Normal, wato salon sauran rubutun da ba take ba, a wani bidiyon: tazarar layuka da ratar da ke bayan sakin layi a can ake saita su, ba da Enter biyu ba. Wanda ya riga ya cika kundinsa da Enter biyu-biyu, ki nuna masa Ctrl+H, ya nemi ^p^p, wato Enter biyu, ya musanya da ^p, ya maimaita har su ƙare, bayan ya ajiye kwafin fayil ɗinsa a gefe.

Batun tsawo. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa biyu sun nazarci kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a kwasa-kwasai huɗu na edX, dandalin karatu ta intanet. Sun samu cewa matsakaicin lokacin da ɗalibi ke tsayawa a kan bidiyo ba ya wuce minti 6, komai tsawonsa, kuma bidiyon da ke nuna yadda ake yin abu an fi komawa a sake kallonsa fiye da na lacca. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne irin bidiyonki ba a zama a kalle shi daga farko zuwa ƙarshe. Ana buɗe shi ne a gefe guda, aiki a ɗaya gefen, a kalla, a tsayar, a gwada, a dawo. Don haka minti biyu zuwa biyar ya isa. In kika ga ya doshi takwas, ki duba da kyau, ayyuka biyu ne kika haɗe. Doguwar gaisuwa da gabatar da kai su tsaya a bidiyon farko. Sauran su buɗe da nuna abin da za a samu a ƙarshe, cikin daƙiƙa goma, sai a shiga aiki. In a YouTube za ki ɗora, ki rubuta lokutan matakai a ƙarƙashin bidiyon, ki fara da 0:00, aƙalla guda uku, kowanne ya kai daƙiƙa goma, dandalin zai yanka shi gida-gida yadda ɗalibi zai tsallaka inda yake so.

Abin da ya fi ɓata irin wannan bidiyo shi ne hannun gwani. Ke kin san inda maɓalli yake, kibiyarki za ta isa can kafin bakinki ya ambace shi, mai kallo kuwa sai dai ya ga taga ta buɗe bai san daga ina ba. Ki horar da hannunki ya bi bayan bakinki. Ki fara faɗin inda za a je, ki tafi da kibiya a miƙe ba tare da yawo ba, ki tsaya a kan maɓallin kamar daƙiƙa biyu, ki danna, sannan ki yi shiru a ga abin da ya faru. In kina bayani, ki ɗauke hannunki daga linzami gaba ɗaya, don ido kibiya yake bi ko da ba ta nufi ko'ina ba. Maɓallan da kike haɗawa kuma, irin su Ctrl+Enter, ba sa fitowa a allo. Ki faɗe su, ki kuma rubuta su da manyan haruffa a ƙasan hoton lokacin tacewa. Bayani ki yi shi da harshen da ɗalibanki suka fi fahimta, amma sunan maɓalli ki faɗe shi yadda yake a rubuce a allo, tunda shi idonsu zai nema. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya daɗe yana bincike a kan koyo ta hoto da murya, ya nuna cewa mutane sun fi koyo in aka cire abin da ba shi da alaƙa da darasi, aka yi nuni ga inda ake so a kalla, aka kuma yanka darasi guntu-guntu. Saboda haka kiɗa a bayan murya ba shi da gurbi a nan, haka ma rubutu mai tsalle-tsalle. Fuskarki in kina so ta fito a farkon bidiyo, ba laifi, amma kada ta zauna a kusurwa tana rufe wani maɓalli.

Bari in ɗauki wanda ya fi ba ɗalibai wuya in nuna yadda zan tsara shi, wato lambar shafi. Ana so shafin take ya zama ba lamba, shafukan sadaukarwa da godiya da tsakure da ƙunshiya su ɗauki i, ii, iii, sannan Babi na Ɗaya ya fara da 1. Da yawa kan raba kundin fayil biyu ko uku don su kauce wa wannan, sai ƙunshiya ta gagara. Zan fara da nuna shafukan a ƙanƙance, a ga inda iv ta ƙare 1 ta fara. Sai in ajiye kibiya a ƙarshen shafin da ke gaban Babi na Ɗaya, in je Layout, Breaks, in tsaya nan in nuna cewa jerin kashi biyu ne: na sama shafi kawai yake tsallakawa, na ƙasa shi ke raba kundin sashe-sashe, kuma Next Page na ƙasa muke so. Da yake ¶ tana kunne, za a ga layi biyu da rubutun Section Break sun bayyana. Daga nan in danna ƙasan shafi sau biyu, in nuna rubutun da ke cewa wannan sashe na ɗaya ne, wancan na biyu. A sashe na ɗaya in shiga Format Page Numbers in zaɓi i, ii, iii. A na biyu in zaɓi 1, 2, 3, in sa Start at ya zama 1. Shafin take kuma Different First Page ne maganinsa. Ban gama ba tukuna. Zan goge lambar wani shafi da gangan, a ga ta ɓace a kundin gaba ɗaya, in bayyana cewa Link to Previous ne ya ɗaure ƙasan shafukan sassan da juna, in dawo da ita da Ctrl+Z. Sannan in goge Section Break ɗin kansa, a ga shafukan farko sun ɗauki tsarin sashen da ke biye da su. Kurakuran nan biyu su ne ɗalibi zai yi shi kaɗai a ɗaki, kuma in ya taɓa ganin yadda aka fita daga cikinsu ba zai firgita ba.

Ƙunshiya, da sa wa jadawali da hoto lamba ta Insert Caption, da tsara manazarta yadda layi na biyu zai shiga ciki da Ctrl+T, da mayar da aiki PDF, duk gajeru ne in an riga an kafa Styles. Kowanne minti biyu ko uku.

Ki sa a ranki cewa da yawansu a waya za su kalla. Allon kwamfuta mai faɗi in aka matse shi cikin tafin hannu, rubutun maɓallai ba ya karantuwa. Kafin ki fara ɗauka ki ƙara girman abubuwan allo zuwa kashi 150 cikin ɗari, ki ƙara girman shafin Word, ki ƙara wa kibiya girma da launi mai fita. Ɗaukar hoto mai girman 1280 da 720 ta wadatar in kin yi haka, kuma fayil ɗin ba zai ci data da yawa ba. Ki kashe sanarwar saƙonni, ki duba kada jerin fayilolin da kika buɗe kwanan nan ya tona sunayen mutane. Ki ɗauki rabin minti na gwaji, ki tura wa wayarki ki kalla. Abin da ba ki iya karantawa ba, su ma ba za su iya ba. In ta WhatsApp za ki raba, ki tura shi a matsayin fayil, don in aka tura shi a matsayin bidiyo manhajar tana matse shi har ƙananan rubutu su dushe.

Murya ta fi hoto muhimmanci. Mutum zai jure hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba zai jure amsa-kuwwa da ƙarar fanka ba. Makirufon da ke jikin abin sauraren waya ya isa, in yana kusa da baki, a ɗaki mai labule ko shimfiɗa. Ki rubuta abin da za ki faɗa, ko da a taƙaice ne, ki gwada matakan sau ɗaya kafin ɗauka. In kika yi tuntuɓen harshe kada ki koma farko. Ki yi shiru, ki maimaita jimlar, ki yanke daga baya.

Manhaja kuwa, wadda ke hannunki ta isa. PowerPoint yana da Screen Recording a ƙarƙashin Insert. Snipping Tool na Windows 11 yana ɗaukar bidiyon allo. OBS Studio kyauta ne kuma ya fi su iko, sai dai yana son a ɗan zauna a koye shi. ZoomIt yana ba ki damar kusanto da wani ɓangare na allo ki yi zane a kai kina cikin ɗauka. Audacity na tace murya, HandBrake na rage nauyin fayil. Kada ki sayi komai sai kin yi bidiyo uku kin ga abin da ya gagare ki. A farkon kowane bidiyo ki ambaci wane Word kike amfani da shi, don maɓallai sukan sauya wuri. Tunanin dai ɗaya ne a Google Docs da LibreOffice Writer, su ma suna da kanun babi da ƙunshiya mai haɗa kanta, amma manhajar waya ba ta ɗauke da duk abin da ke cikin ta kwamfuta, gara ki faɗa musu tun da wuri wane mataki ne sai sun zauna gaban kwamfuta.

Kallo kaɗai ba ya sauya hannu. Hans van der Meij da Jan van der Meij na Jami'ar Twente a ƙasar Holan sun fitar da ƙa'idoji takwas na bidiyon koyar da manhaja a 2013, kuma ɗaya daga ciki ita ce a ƙarfafa nuni da gwaji. Don haka kowane bidiyo ya tafi da fayil ɗinsa na gwaji, wato ainihin wanda kika yi aiki a kansa, a yanayinsa na kafin gyara. Ɗalibi ya gyara ya dawo miki da shi a Word, ba PDF ba, domin PDF yana rufe duk dabarun da kike son gani. Dubawa ba ta cin minti guda: ki buɗe Navigation Pane ki ga ko kanun sun fito, ki kunna ¶, ki ƙara sakin layi a shafi na uku ki ga ko wani abu ya motsa. Da wannan za ki auna bidiyonki, ba da yawan waɗanda suka kalla ba. In rabin ajin suka faɗi a wuri ɗaya, ki koma wannan daƙiƙar a bidiyon, akwai matakin da hannunki ya yi bakinki bai faɗa ba. Kafin ki saki kowanne ma, ki zaunar da ɗalibi guda ya bi shi a gabanki, ki kame bakinki, ki lura da inda ya tsayar ya koma baya.

Abu biyu ne ba zan sa a bidiyo ba. Na farko ƙa'idojin sashenku: faɗin gefen shafi, ko santimita 2.54 ne ko an ƙara na hagu saboda ɗinki, girman harafi, tazarar layi, takarda A4. Waɗannan a takarda mai shafi ɗaya ya kamata su zauna, don ana sauya su, kuma ba wanda zai so ya nemi lamba guda a cikin bidiyo. A bidiyon ki nuna inda ake saitawa, ki ce su duba takardar. Na biyu shi ne fayil ɗin da aka riga aka tsara, wanda ɗalibi zai zuba rubutunsa kawai. Yana da amfani, kuma ki ba su, amma sai bayan kowa ya gyara fayil ɗin gwaji da hannunsa ya dawo da shi. Wanda aka ba tun farko, ranar da ya kwafo rubutu daga intanet ya liƙa, tsarin ya hargitse, ba zai san cewa zaɓar Keep Text Only wajen liƙawa ne zai hana hakan ba, balle ya san Ctrl+Shift+N zai mayar da sakin layin kan Normal. Wannan ma ya cancanci nasa bidiyon na minti biyu, kuma ni zan sa shi nan da nan bayan na Styles.